Ƙaddara Ba Ta Hana Bincike

Jama'a, cikin watan Satumba 2019 'yan sanda suka buɗe wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, waɗansu da sarƙa a ƙafa. Irin gidajen nan har masu taɓin hankali akan kai, kuma shirunmu ne ke ɓoye wahalarsu.

To, mu mutanen Guri, in mun kai ɗan'uwanmu jiyya, ko gidan malam ko asibiti, ya ji rauni ko ya rasu, kada mu ce ƙaddara ce kurum. A rubuta ranar, da maganin da ya sha, da mai tsaronsa. A binciki sanadi, a gaya wa dangi, a gyara. Ma'aikacin da ya faɗi gaskiya kuwa kada a kore shi, don kada na baya su ɓoye.

Allah ya kiyashe mu, amin.