Duhun Dare Ma Hujja Ne

Ina koyar da Fiziks a wata makarantar sakandare da ke karɓar yara daga ƙauyukan Tambuwal da Kebbe. Wata safiya cikin ɗari, ina bayanin cewa haske yana cin kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, kuma hasken rana sai ya yi minti takwas a hanya kafin ya iso gare mu, sai wata yarinya daga bayan aji ta ɗaga hannu. Ta ce, "Malam, in taurari ba su ƙirguwa, kuma ko'ina akwai su, mi as sa dare ka yin duhu?" Aji ya fashe da dariya. Ni kuwa na ajiye alli, domin tambayar da ta yi ita ce ta hana masana barci shekaru aru-aru, har ake jingina ta ga wani Bajamushe, Heinrich Olbers, wanda ya yi rubutu a kanta a 1823. Darasi biyu na ci ina amsa ta.

Mako bai zagayo ba wani magabacina ya kira ni ofis. Cikin lalama ya ce, "Malam, waɗannan 'ya'yan manoma ne. Ka koya musu abin da za su ci jarrabawa da shi, su samu abin sawa a baka. Zancen asalin sararin samaniya ka bar wa Turawa, su da suka ƙoshi." A lokacin ban ce komai ba, saboda girmansa. Yanzu zan ce, kuma ba shi kaɗai nake amsa wa ba. Ra'ayinsa ya cika ofisoshinmu da majalisunmu, kuma mafi yawan masu riƙe da shi 'yan boko ne waɗanda nasu 'ya'yan suke karatu a inda ba a hana yaro tambaya. Ina da'awar cewa ra'ayin nan raini ne da aka lulluɓe da tausayi, kuma yana cikin abubuwan da suka daure mu a inda muke.

Bari in fara da amsar yarinyar, don mai karatu ya ga abin da ake so a hana ta. Ka tsaya tsakiyar babbar gonar gero cikin watan Agusta. Duk inda ka juya, ganinka a kan kara zai tsaya. Da sararin samaniya ba shi da farko, taurari kuma sun cika shi ba iyaka tun fil azal, da duk inda ka duba a sama ganinka a kan tauraro zai sauka, dare ya yi haske kamar tsakar rana. Tun da ba haka abin yake ba, ɗaya daga cikin zaton nan kuskure ne. Abin da bincike ya nuna shi ne sararin samaniya yana da shekaru ƙididdigaggu, kimanin biliyan 13.8, haske kuma matafiyi ne, saboda haka akwai nisan da haskensa bai ƙaraso ba tukuna. Ke nan duk makiyayin da ya ɗaga kai a fadamar Kuchi ya ga duhu tsakanin taurari, ya ga shaidar cewa wannan sarari yana da mafari.

Duban sama duban baya ne. Taurarin da muke kira Kaza da 'Ya'yanta, hasken da muke gani nasu yau ya baro su kimanin shekara 440 da suka wuce, zamanin da daular Kabi take tashe, tun kafin haihuwar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da shekara fiye da 150. A dare marar wata, mai ido da kyau yana iya hango wani ɗan farin tabo da ake kira Andromeda, garken taurari ne sukutum, haskensa kuma ya yi shekara miliyan biyu da rabi a hanya. Abdurrahman al-Sufi ya ambace shi a littafinsa na taurari tun wajen shekarar 964. A 1929 Edwin Hubble ya nuna cewa garkunan taurari suna nisantar mu, kuma mafi nisa ya fi gudu. Shekara biyu kafin nan wani limamin coci ɗan Beljiyam, Georges Lemaître, ya riga ya fitar da haka ta hanyar lissafi: sararin ne da kansa yake buɗawa. Abin da yake buɗawa kuwa, in aka koma baya, a tsuke yake, da zafi.

Wannan zafi ya bar sawu. A 1964 Arno Penzias da Robert Wilson suna aiki da wata eriya a jihar New Jersey ta Amurka, sai wata 'yar ƙara ta addabe su, ba dare ba rana, daga kowace kusurwa. Har kashin tattabarun da suka yi sheƙa cikin eriyar suka kankare, ƙarar ba ta tafi ba. Ashe ragowar hasken farko ne. Lokacin da sararin samaniya yake da shekara kusan 380,000, zafinsa ya sauko zuwa digiri 3,000, hazon da ya tsare haske ya washe, haske ya samu hanya. Buɗawar sarari ta yi ta miƙe shi har ya fita daga abin da ido ke gani, ya huce zuwa kusan digiri 270 ƙasa da sifili. Ɗan ƙaramin kaso na yayyafin da tsohuwar talabijin take nunawa idan babu tasha daga wannan haske yake. A nan ne amsar yarinyar ta cika: sama tana haskakawa ta ko'ina kamar yadda ta zata, idanunmu ne ba su kai ba.

Kumbon COBE da aka harba a 1989, da WMAP a 2001, da Planck a 2009, sun zana taswirar wannan haske. Sun tarar zafinsa ɗaya ne ko'ina, in ban da bambanci na kashi ɗaya cikin dubu ɗari. Waɗannan 'yan tabbai su ne irin da garkunan taurari suka tsiro daga gare shi. Daga girmansu da yawansu aka auna shekarun sararin samaniya, aka kuma gano cewa duk abin da muka sani, da ƙasa da ruwa da taurari da jikinmu, kashi biyar ne cikin ɗari na abin da ke akwai. Kashi 27 wani abu ne mai nauyi da ba ya haske, kashi 68 wani ƙarfi ne da ke ƙara wa buɗawar sauri, kuma har yau ba wanda ya san haƙiƙaninsu. Lissafin zafin mintunan farko ya ce ya kamata a samu kusan kashi uku cikin huɗu haidirojin, kashi ɗaya hiliyom. Da aka auna tsofaffin taurari da gizagizan iskar da ke tsakaninsu, haka aka tarar.

Masu suka suna cewa tatsuniya ce ta Turawa. Tatsuniya ba ta janye maganarta, wannan fage kuwa yana yi. A watan Maris na 2014 masu bincike da na'urar BICEP2 a ƙuryar kudancin duniya suka ba da sanarwar sun ga alamar girgizar da ta auku cikin ƙiftawar farko. Duniya ta ɗauka. Kafin shekara ta cika, bayanan Planck suka nuna ƙurar da ke cikin garken taurarinmu ce ta ruɗe su, su kuma suka sa hannu aka gyara. Mu da muka san yadda ƙurar hunturu take mayar da rana kamar faifai mun fi kowa fahimtar wannan kuskure. Darasin da nake so ɗalibaina su ɗauka ke nan: babba ya yi magana, a auna, in ta saɓa wa ma'auni ya janye ba tare da an yi gaba ba. Ƙasar da jita-jita ke kashe mutane tana bukatar wannan tarbiyya fiye da yadda take bukatar haddar amsoshin jarrabawa.

Hujjar magabacina mafi ƙarfi ita ce yunwa da tsoro, kuma ba zan yi mata riƙon sakainar kashi ba. Akwai ƙauyuka a yankin Kebbe da dare ya zama na 'yan bindiga, mutum ba ya kwana a waje balle ya ƙirga taurari. Akwai yaran da suke zuwa aji ba su karya ba. Amma ina tambaya: darasi biyun da na ci, wane buhun gero suka rage a rumbun wani? Shekaru nawa muka yi muna koyar da ilimin cika ciki zalla, cikin kuma bai cika ba? Wayar da ɗan kasuwar Tambuwal yake duba hanya da ita ta dogara ga taurarin ɗan'adam waɗanda agogonsu yake saɓa wa na ƙasa da kashi 38 cikin miliyan na daƙiƙa kowace rana. Ba don lissafin Einstein ba, wanda shi ne kuma ginshiƙin nazarin sararin samaniya, da kuskuren ya kai kilomita goma a yini. Wanda ya yi wannan lissafi ba neman hanyar kasuwa yake yi ba. Tambaya yake bi, irin ta yarinyar nan. Al'ummar da ta ce sai ta ƙoshi za ta yi tambaya, har abada a hannun masu tambaya za ta sayi taki da magani da waya. Abdus Salam, wanda ya samu kyautar Nobel a 1979 kan haɗe biyu daga ƙarfafan da suka yi aiki a farkon sararin samaniya, a Jhang ya tashi, wani gari na manoma a ƙasar da ta zama Pakistan. Da malamansa sun yi masa irin tausayin da ake yi wa ɗalibaina, da ba mu ji sunansa ba.

Hujja ta biyu da ake raɗawa ita ce addini. Wasu suna gwama nazarin taurari da duba, alhali tazarar da ke tsakaninsu ta fi ta likita da boka. Mai duba yana da'awar tauraro ya san ranar aurenka. Mai nazari yana auna nisan tauraro da zafinsa. Kakanninmu sun san bambancin. Malaman hisabi sun raba shekara zuwa taurari 28, kowane kwana 13, ban da Jabaha mai 14, jimla 365, kuma dattawan manoma har yau suna lissafin damina daga Haƙa'a da Hana'a da Zira'a. Duk ƙarshen Sha'aban idon Nijeriya yana kan fadar Sarkin Musulmi, ana jiran labarin jinjirin wata. Imam Gazali da kansa ya yi kashedi cewa wanda ya ƙaryata lissafin husufi da sunan kare addini, addinin yake cuta. Ranar 29 ga Maris, 2006, rana ta yi husufi cikakke a Gusau da Katsina da Maraɗi, daidai mintin da aka lissafa shekaru kafin nan, aka kuma yi sallar husufi, ba wanda imaninsa ya ragu. Fiziks yana bayanin yadda abu ya gudana. Bai da ma'aunin da zai auna dalilin samuwa, kuma masanin kirki ba ya da'awar yana da shi. Wanda ya fi ba ni takaici ma shi ne mai jiran wasu su kwana suna awo, in sun gano abu ya ce ai dama yana cikin littattafanmu, ya gyara kwanciya. Umurnin da aka yi mana na duban sama da tunani ne. Garin da Muhammadu Buhari ɗan Shehu ya riƙe a matsayin ribaɗi, yana yaƙi yana rubutu, bai kamata ya gaji wannan lalaci ba.

Hujja ta uku ita ce kuɗi, wai na'urorin sun fi ƙarfinmu. Ghana ta ɗauki tsohon faifan sadarwa mai faɗin mita 32 a Kuntunse ta mayar da shi na'urar sauraron sama a 2017. Afirka ta Kudu ta buɗe MeerKAT mai faifai 64 a 2018, kuma tana gina rabin SKA tare da Ostireliya. Cikin ƙasashen Afirka takwas da aka sa abokan wannan aiki akwai Ghana da Kenya da Zambiya, babu Nijeriya, duk da muna da hukumar sararin samaniya tun 1999 da cibiyar bincike a Nsukka. Ba na neman a kafa faifai a Dogon Daji gobe. Taswirar Planck tana kan intanet kyauta, abin da take bukata kwamfuta ce da mai lissafi. Ina neman a bar malami ya amsa tambaya. Ina neman madubin hangen nesa ko da guda ɗaya a kowace babbar sakandare, wanda kuɗinsa bai kai na babur ba. Ina neman Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da takwarorinta su rubuta wannan ilimi da Hausa, su kai shi rediyo, domin yanzu na faɗe shi da Hausa kuma harshen bai karye ba. Rashin lantarki, wanda abin kunya ne a gare mu, ya bar mana sama mai duhun da mazauna manyan birane suke tafiyar ɗaruruwan kilomita don su gani. Ko wannan ba mu mora ba.

Yarinyar tana aji na ƙarshe yanzu, kuma an fara zancen aurenta. Ko za ta wuce sakandare, Allah ne masani. Kwanan baya ta tare ni a bakin aji, ta ce ta gwada wa kakanta zancen gonar gero, ya yi shiru, sannan ya tambaye ta abin da sararin yake buɗawa zuwa cikinsa. Ta ce ba ta sani ba, shi ya sa ta zo. Na ce ta shiga ta zauna, darasin yau ke nan, ko da za a sake kirana ofis.