Injin Iska A Filin Wasa: A Tanadi Rumbu Kafin Girbi

'Yan'uwa ɗalibai, babu wanda ya yi zango ɗaya a jami'a a ƙasar nan da bai san irin daren da wuta ke ɗaukewa ana tsakiyar karatun jarrabawa ba. Tun daga watan Afrilu na 2024, lokacin da aka kai farashin yunit ɗaya na lantarki Naira 225 ga waɗanda ke rukunin A, kuɗin wuta ya zama babban nauyi a wuyan jami'o'i. Saboda haka ba mu yi mamaki ba da muka ji wasu daga cikinmu, musamman 'yan wasanni, suna cewa me zai hana a kafa injinan iska a filin wasan jami'a, yadda suka gani a hotunan ƙasashen waje, a huta da sayen man dizal. Muna goyon bayan wannan tunani, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin ne ya sa muka ɗauki alƙalami.

Injin iska dai doguwar hasumiya ce ta ƙarfe mai fukafukai uku a bisa. Iska na juya fukafukan, su kuma su juya janareta, wuta ta samu. Yunit kuwa shi ne wanda muke saye a mita, watau ƙarfin kilowat ɗaya na tsawon awa ɗaya. Da waɗannan biyu za mu iya auna abin da wasu suka yi.

Misalin da ya fi kusa da maganarmu yana garin Denton na Jihar Teksas a Amurka. A 2011 Jami'ar Arewacin Teksas ta buɗe sabon filin wasa mai ɗaukar mutum wajen 30,000, wanda a lokacin ake kira Apogee. A gefensa aka kafa injinan iska uku, kowanne mai ƙarfin kilowat 100, da tallafin Dala miliyan 2 daga ofishin jihar mai kula da tattalin makamashi. An yi ƙiyasin za su riƙa ba da kusan rabin miliyan na yunit a shekara.

To, mu yi lissafi irin na 'yan aji ɗaya. Shekara tana da awa 8,760. Da injinan nan uku za su yi ta aiki da cikakken ƙarfinsu dare da rana, da sun ba da yunit 2,628,000. Ke nan abin da masu aikin da kansu suka sa rai bai kai kashi ɗaya cikin biyar na wannan ba. Wannan ba laifin kowa ba ne, halin iska ke nan. Ƙarfin da ke cikinta yana hawa da sauka fiye da yadda ido ke gani: in gudunta ya ninka biyu, ƙarfin ya ninka takwas, in kuwa ya ragu da rabi, sai a tashi da kashi ɗaya cikin takwas. In ta yi ƙasa da wajen mita 3 a daƙiƙa, yawancin injinan ba su ba da kome. Har ila yau, masanin nan na Jamus, Albert Betz, ya nuna tun shekaru ɗari da suka wuce cewa babu injin da zai kama fiye da kashi 59 cikin ɗari na ƙarfin iskar da ta ratsa shi.

Akwai kuma wata matsala da ta shafi filin wasa kansa. Ƙungiyar ƙwallon jami'a a Amurka takan buga wasa wajen shida ne a gida cikin shekara. Namu filayen ma, in ban da lokacin gasar NUGA ko bikin yaye ɗalibai, yawancin kwanaki fayau suke. Filin wasa yana son wuta mai yawa na 'yan awoyi kaɗan da almuru, iska kuwa ba ta duba jadawalin wasa. Tana iya kaɗawa da ƙarfe uku na dare, ta kwanta daidai lokacin da alƙalin wasa zai hura usur. Mutanen Denton sun warware wannan ta hanyar haɗa injinansu da layin wutar da ke ciyar da filin da sauran gine-ginen wannan sashe na jami'ar, don haka duk abin da aka samu yana da mai amfani da shi nan take, in iska ta tsaya kuma wutar gari tana nan. Mu da wutar garinmu ke zuwa ta tafi ba sallama, wannan hanya ba za ta ishe mu ba. Dole sai da wurin ajiya.

Manomi ya san wannan tun kaka da kakanni. Wanda ya girbe gero ba shi da rumbu, ya yi wa tsuntsaye da gara noma. Rumbun lantarki shi ne batir, kuma an gwada shi a filin wasa. A 2018 filin Johan Cruijff da ke birnin Amsterdam na ƙasar Holan ya buɗe ma'ajiyar wuta mai ƙarfin megawat 3, wadda ke riƙe yunit 2,800. An haɗa ta ne da sababbi da tsofaffin baturan motar Nissan Leaf mai aiki da lantarki, kwatankwacin na mota 148, kuma tana shan wuta daga faifan hasken rana 4,200 da ke rufin filin. Ranar wasa tana tsaye a madadin janareta, sauran ranaku kuma tana taimaka wa layin wutar gari ya daidaita. Don mu gane girmanta, mu ɗauka fitilun wani fili suna cin kilowat 200, aka kunna su awa huɗu: yunit 800 ke nan. Irin wannan ma'ajiya za ta yi dare uku tana haskaka shi, har da saura.

Abin da muke tsoro shi ne injin ado. A birnin Filadalfiya, filin da ƙungiyar Eagles da ta Jami'ar Temple ke wasa an taɓa jera masa ƙananan injinan iska 14 a saman gini, kowa na ɗaukar hotonsu. Alhali kuwa a lokacin kusan duk wutar da filin ke samarwa tana fitowa ne daga faifan hasken rana fiye da 11,000. A 2019 aka sauke injinan. Gini mai tsawo yana hargitsa iska, ƙaramin injin da aka ɗora a kansa kuwa abin da yake bayarwa kaɗan ne.

A gida ma muna da darasi. A Lambar Rimi ta Jihar Katsina an shirya gonar iska mai megawat 10, injina 37 kowanne mai kilowat 275, kwangilar kamfanin Vergnet na Faransa. A watan Disamba na 2012 aka sace wani injiniya Bafaranshe da ke aikin, aikin kuwa ya shafe fiye da shekara goma yana tafiyar hawainiya. A ɗaya gefen, a 2019 an buɗe tashar hasken rana a Jami'ar Bayero ta Kano, mai faifai na megawat 3.5 da baturan da ke riƙe yunit 8,100, tare da janaretoci na ko-ta-kwana. Waɗanda suka tsara ta sun gane cewa rumbu yana cikin aikin tun daga farko. A ƙasarmu rana ba ta cika saɓa alkawari ba, iska kuwa ta fi ƙarfi da hunturu da farkon damina, sa'an nan ƙurar hunturun nan tana cin ƙarfe da faifai in ba a kula da su.

Saboda haka ga abin da muke roƙon duk hukumar jami'ar da ta yi niyyar wannan aiki. Da farko, a kafa ma'aunin iska a tsawon da injin zai tsaya, a yi shekara guda cur ana rubuta abin da ya nuna, a kuma buga sakamakon kowa ya gani. Ɗaliban sashen injiniya da na kimiyyar lissafi za su iya wannan aiki a matsayin binciken kammala digiri, ba sai an ɗauko kowa daga waje ba. In ma'auni ya ce iskar ba ta isa ba, a rufa rumfunan 'yan kallo da faifan hasken rana, ba abin kunya ba ne. Na biyu, kada a sa hannu a kwangilar da babu batir a cikinta, da kuɗin sauya shi in ya tsufa, da kayan gyara, da horar da ma'aikatan da za su hau hasumiya. Na uku, a ja layi daga filin zuwa ɗakin karatu da asibitin jami'a da famfunan ruwa na ɗakunan kwana, domin ranakun da ba a wasa sun fi ranakun wasa yawa nesa ba kusa ba.

Ga yayyenmu da suka riga mu fita, waɗanda yanzu ke zaune a ofisoshin ayyuka da na kuɗi, ku ne fayil ɗin irin wannan aiki ke biyowa ta teburinku. In ya iso, ku tambayi mai kawo shi yunit nawa injin zai bayar a shekara, ina za a ajiye wutar, wa kuma zai gyara shi bayan shekara biyar. Ita kuma Ƙungiyar Ɗalibai, hakkinta ne ta nemi kujera a kwamitin da zai duba aikin, tun da mu ne za mu zauna cikin duhu in ya lalace. Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, don haka tun yanzu ya kamata a fara auna iskar.

Allah ya sa mu dace, amin.