Zancen Kasuwa: Ƙusar Da Ke Huda Wa Kanta Hanya

Ga damina ta ƙarato, kowa ya shiga gyaran rumfa da shago. A da da katako muke kafa rumfa, kafinta ya buga kwano da guduma. Yanzu kuwa yawanci mai walda ke haɗa ginshiƙan ƙarfe, ƙarfe kuwa ba ya jin guduma. Shi ya sa yau za mu yi zancen sukuru, wato ƙusar nan mai murɗi wadda bakinta ke huda ƙarfe da kansa.

Asalinta daga Amurka ne. Kamfanin Illinois Tool Works ya fito da irin da ake kira Teks a shekarun 1960. Bakinta kamar na abin huda yake. In an sa ta a inji sai ta huda, ta yanka wa kanta murɗi, ta kama, duk a tashi ɗaya.

To, amma ba duka suke ɗaya ba. Bakin yana da lamba, daga 1 zuwa 5. Mai lamba 2 ta ƙarfe marar kauri ce, mai lamba 5 kuwa tana cin ƙarfen da ya kai rabin inci. In bakin ya gaza kaurin ƙarfen, murɗi zai kama tun ba a gama huda ba, sai ƙusa ta karye. Ta kwano tana da kai mai kusurwa 6, da zoben roba a ƙarƙashinsa don tare ruwa. Ta ragar ƙarfen da ake yaɓa siminti a kai, kanta faffaɗa ne, don ya danne waya kada ta zame.

In mai aiki yana ɗaurawa, a tsaya a kansa. Kada ya matse har roba ta fashe, kada kuma ya bar ta sako-sako. Zagayen murɗi 3 aƙalla su leƙo ta bayan ƙarfen. In ya gama ya share garin ƙarfen da ya zuba, don shi ke fara jawo tsatsa a kwano. 'Yan'uwanmu na Nima da Takoradi su nemi wadda aka yi wa rufin hana tsatsa mai kyau, gama iskar teku da gishiri take tafe.

Saura ku, Alhazai masu sayar da kayan gini. Mai saye bai san lamba ba, ku kuka sani. In ya zo, ku tambaye shi kaurin ƙarfensa da abin da zai ɗaura, kada ku miƙa masa wadda ta yi kwantai. Araha ba ta ado. Ƙusa ɗaya in ta yi yoyo sai ta jiƙa dilar atamfa, ribar wata guda ta tafi, mai shagon kuma ba zai manta wurin wanda ya saya ba.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Wassalam.