ƘANJAMAU: MAGANI YA SAMU, SAURA A JE A KARƁA

A shekarar 1981 ne likitocin Amurka suka fara ba da labarin wata baƙuwar cuta wadda ke rushe garkuwar jikin mutum, har ƙaramin ciwo ya kai shi ƙasa. A 1983 masana a Cibiyar Fasto ta birnin Faris suka gano ƙwayar da ke haddasa ta, a 1986 kuwa aka ba da sanarwar ɓullarta a Nijeriya. Dattawan zangon Ikko ba za su manta da watan Agusta na 1997 ba, sa'ad da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, tsohon Ministan Lafiya, ya fito gaban 'yan jarida ya ce ƙanjamau ce ta kashe ƙanensa Fela. A zamanin nan duk wanda aka ce ya kamu, sai dai a fara yi masa addu'a, shi ya sa mutanen gari suka raɗa wa cutar suna kabari kusa.

Wannan suna ya daɗe da rasa gaskiyarsa, ko da yake har yanzu yana bakin mutane. Maganin farko ya fito a 1987, amma ƙarfinsa bai taka kara ya karya ba. Sai a 1996 aka gane cewa in an haɗa magunguna uku a lokaci guda ana danne ƙwayar cutar ta kasa hayayyafa. A da majiyyaci kan sha ƙwayoyi barkatai safe da rana da dare. Yau ƙwaya ɗaya ce tak a yini. Bisa ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya, a 2024 mutum wajen miliyan 40.8 ne ke ɗauke da cutar a duniya, miliyan 31.6 daga cikinsu suna shan magani. Waɗanda ta kashe a shekarar sun kai 630,000, alhali a 2004 sun kai kimanin miliyan 2.

Nijeriya ma ta sami rabonta. Gwamnatin Tarayya ta fara shirin raba maganin a 2002, ta mayar da shi kyauta a 2006. Gwajin da aka yi wa mata masu zuwa awon ciki a 2001 ya nuna kashi 5.8 cikin ɗari suna ɗauke da ƙwayar. Babban binciken da aka bi gida gida aka yi a 2018 ya sami kashi 1.4 cikin ɗari a tsakanin masu shekara 15 zuwa 49, watau mutum wajen miliyan 1.9 a ƙasar baki ɗaya.

Ta fannin rigakafi ma an ci nasarori guda uku da ya kamata kowane magidanci ya sani. Na farko, an tabbatar cewa wanda ke shan maganinsa ba fashi har ƙwayar ta daina bayyana a gwajin jini, ba ya shafa wa matarsa ta hanyar kwanciyar aure. Na biyu, mace mai ciki da ba ta sami kulawa ba tana iya shafa wa jaririnta, daga 15 zuwa 45 cikin ɗari, amma in ta sha magani abin yakan sauko ƙasa da 5. Na uku, akwai wata allura mai suna lenakapabir da ake yi sau biyu a shekara don kare mai lafiya. A gwajin da aka yi a Afirka ta Kudu da Yuganda a 2024, cikin 'yan mata da mata fiye da 2,000 da aka yi wa ita babu ko ɗaya da ta kamu, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta amince da ita a 2025.

Duk da haka akwai abu biyu da suka gagari masana har wa yau. Ba a sami allurar rigakafi irin ta ƙyanda ko shan inna ba, domin ƙwayar tana sake kama da sauri. Babban gwajin da aka yi a Afirka ta Kudu an dakatar da shi a 2020 da aka ga bai yi amfani ba. Ba a kuma sami maganin da ke raba mutum da cutar ɗungurum ba, domin ƙwayar takan laɓe a jiki ta jira a daina shan magani. 'Yan tsirarun da suka warke, kamar Ba'amurken nan da aka yi wa dashen ɓargo a Balin a 2007, sun warke ne ta aiki mai hatsari da aka yi musu saboda ciwon daji. Saboda haka duk mai tallar magani da ya kafa lasifika a tashar mota yana rantsuwa cewa yana warkar da ƙanjamau, kuɗin jama'a yake nema. A 2007 Yahaya Jammeh na Gambiya, yana kan mulki, ya yi irin wannan da'awa, aka raba majiyyata da magungunansu, waɗansunsu suka mutu.

To, ina wannan magana ta shafi ɗan Arewa mazaunin Kurmi? Binciken 2018 ya nuna cewa a Arewa maso Yamma kashi 0.6 cikin ɗari ne ke ɗauke da cutar, a yankin Kudu maso Kudu kuwa kashi 3.1. Direban babbar mota, da fatake masu kai shanu Oko-Oba, da masu kai gwari Mil 12, da ɗan ci-rani mai gadi ko tura baro a Fatakwal da Anaca, dukansu mutane ne masu gida biyu. Sukan yi wata da watanni ba su ga iyali ba. Wanda shaiɗan ya rinjaya a nan, sa'an nan ya koma gida da Salla ko da damina bai san halin da jininsa ke ciki ba, matarsa da ba ta taɓa taka tasha ba ita za ta kwashi kaya, daga ita kuma sai jaririn da ke cikinta. Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka fi yawan jarirai masu kamuwa daga iyayensu mata, wannan kuwa asara ce da gwaji ɗaya da ƙwaya ɗaya a yini za su iya hanawa.

Abin da ke hana gwajin shi ne kunya da tsoron bakin mutane. Lalle ne a sani cewa ba ta hanyar alfasha kaɗai ake kamuwa ba. Ana samunta ta ƙarin jinin da ba a tace ba, da allurar da aka yi wa wani, da aska ko reza mai jini, da kuma haihuwa da shayarwa. Ba a kamuwa ta musafaha, ko cin tuwo a kwano ɗaya, ko tsayawa kafaɗa da kafaɗa a sahu, ko cizon sauro. Har ila yau akwai dokar tarayya ta 2014 da ta hana a kori mutum daga aiki ko makaranta don yana ɗauke da cutar. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mutumin da ya guje wa likita don kada a sani, ƙarshenta kowa zai sani, a lokacin da sanin ba shi da sauran amfani.

Wanda kuma ya riga ya fara shan magani, babban hatsarinsa shi ne tafiya. Yakan bar katinsa a asibitin Badun ya tafi noma Sakkwato wata huɗu, maganin ya ƙare, ya ce sai ya dawo. A wannan tsakani ƙwayar takan farfaɗo, wani lokaci ma ta bijire wa maganin da ke danne ta. Kafin a hau mota sai a gaya wa ma'aikacin asibiti, a nemi maganin watanni ko takardar canjin asibiti zuwa wanda ke kusa da gida.

Saura maganar kuɗi, wadda ke kan wuyan hukuma. Yawancin maganin da ake rabawa kyauta a ƙasar nan da kuɗin waje aka riƙa sayensa, musamman shirin da Shugaba Bush na Amurka ya kafa a 2003 da Asusun Duniya da aka buɗe a 2002. A watan Janairu na 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da taimakon da take bai wa ƙasashen waje, hankalin majiyyata ya tashi a Afirka duka. Gwamnatin Tarayya ta ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya na shekarar don toshe giɓin, wannan kuwa abin yabo ne, amma toshiyar shekara ɗaya ce. Kayan aro ba ya rufe katara. A Abuja ne shugabannin Afirka suka yi alkawari a 2001 cewa za su ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu, Nijeriya mai masaukin baƙi kuwa ba ta taɓa cika shi ba. Wajibi ne wakilan jama'a a majalisa su riƙe wannan alkawari a duk zaman kasafi.

Kafin hukuma ta yi nata, zango yana da nasa. Sarakunan Hausawa na Agege da Sabon Badun da Shagamu, da limamai, da shugabannin direbobi da na kara, suna iya gayyatar ma'aikatan lafiya su yi gwaji a kasuwa da tasha, cikin sirri, da mai fassara da Hausa. Jihar Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure a 2024, babu kuma abin da zai hana limamin zango neman takardar gwaji kafin ya ɗaura aure. In babba ya fara miƙa hannunsa, yaro ba zai ji kunyar bin sa ba. Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya mayar da kowane matafiyi ga iyalinsa lafiya.