Rufin Asiri da Tonon Asiri: Me Ya Hana Talabijin ta Kaduna Fitar da Mai Bincike Mai Zaman Kansa?

A tarihin wasannin talabijin na Amurka akwai wani gwarzo da ya daɗe yana jan zarensa, wato mai bincike mai zaman kansa, wanda ake biya ya tono gaskiyar wani laifi. Joe Mannix ya fito daga 1967 zuwa 1975, Jim Rockford daga 1974 zuwa 1980, sannan Thomas Magnum daga 1980 zuwa 1988. Rockford ya fi su bayyana sigar wannan gwarzo: tsohon ɗan kurkuku ne da aka yi wa afuwa, yana zaune a gidan tirela a bakin teku, yana karɓar dala 200 a rana ban da kuɗin ɗawainiya, kuma ya fi son shari'o'in da 'yan sanda suka rufe fayil ɗinsu. A waɗannan shekaru ne wasan kwaikwayon Hausa ya bunƙasa a gidan talabijin na Kaduna, amma duk wanda ya lissafa taurarin da jama'a ke tunawa ba zai sami irin wannan mutum a cikinsu ba. Wannan rashi ya cancanci nazari, domin yana da abin faɗa game da yadda Bahaushe ke kallon laifi da gaskiya.

Ba za a ce Kaduna ba ta dace da irin wannan labari ba. Gari ne da Turawan mulkin mallaka suka mayar hedikwatar Arewa a 1917, ya cika da sojoji da ma'aikatan gwamnati da na jirgin ƙasa, kowa daga garinsu. A irin wannan gari na baƙi, inda mutum zai iya zama a Unguwar Rimi ko Kawo ba tare da an san asalinsa ba, labarin bincike ya fi samun gindin zama. Ga Kwalejin 'Yan Sanda a cikin gari, ga gidan rediyo da talabijin da aka buɗe tun 1962. Duk da haka, gwarzon da Kaduna ta bayar shi ne Samanja Mazan Fama na marigayi Usman Baba Pategi, sojan bariki mai ban dariya, sai kuma Karambana na marigayi Kasimu Yero. Shi Karambana, kamar yadda sunansa ya nuna, mai shiga sharo ba shanu ne. Mutumin da ke tsoma baki cikin sha'anin wasu ya fito, amma a matsayin abin dariya.

A nan ne bakin zaren yake. Sana'ar Rockford tonon asiri ce, alhali babbar addu'ar Bahaushe ita ce Allah ya rufa asiri. Kalmomin da harshen ya tanada wa mai bin diddigin mutane, irin su ɗan sa-ido da ɗan leƙen asiri, ba na yabo ba ne, kuma aya ta 12 ta Suratul Hujurat ta hana bin diddigin aibin jama'a. Ɗan sandan ciki yana da hujja, tun da hukuma ce ta aike shi. Wanda kuwa ya karɓi kuɗin wani don ya laɓe wa maƙwabcinsa, da wuya 'yan kallo su ɗauke shi gwarzo. Bugu da ƙari, tsarin shari'ar da jama'a suka saba da shi ya ɗora hujja a kan mai ƙara, rantsuwa a kan wanda ya musa. Saboda haka a wasan Hausa gaskiya takan fito ne a gaban alƙali ko mai unguwa ko dattijon gida, ta bakin shaidu ko ta amsa laifi, kuma ƙarshen labari yakan zama sulhu ko nadama. Mai bincike na Amurka yana aiki shi kaɗai, ya kammala ya karɓi ladansa ya wuce. Binciken Bahaushe kuwa aikin taro ne, domin wanda aka kama gobe ma a unguwar zai kwana.

Mai musu zai iya cewa dalilin bai kai haka zurfi ba: tashar ta gwamnati ce, ta koma ƙarƙashin NTA a 1977, kuma mafi yawan waɗannan shekaru na mulkin soja ne. Labarin da tushensa shi ne gazawar 'yan sanda ba zai samu karɓuwa cikin sauƙi a irin wannan tasha ba. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma littattafai suna mara mata baya, don a 1982 an samu Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, waɗanda suka shiga duniyar fasa-ƙwauri da manyan laifuka ba tare da shayi ba. Sai dai ko a waɗannan littattafai, da ba su da takunkumin gidan talabijin, laifin ne ya mamaye labari, ba a gina su a kan mai binciken da ake haya ba. Ashe takunkumi ya bayyana wani ɓangare ne kawai.

Kuskuren da ya kamata manazarta su kauce wa shi ne ɗauka cewa hikimar gano gaskiya ta hanyar alamu baƙuwa ce. Duk ɗalibin allo ya san ƙissar Annabi Yusuf, inda aka gane mai gaskiya ta duba ko rigar ta gaba ta yage ko ta baya. Ƙauyukan Hausa sun san masu bin sawu, waɗanda ke bin ɓarawon shanu ta takunsa a ƙasa, kuma labaran baka cike suke da alƙali mai dabara da ke sa ɓarawo ya tona kansa. Abin da ya zo daga waje shi ne ofishi da lada da kaɗaici. Mai nazarin da ya shiga wasannin Hausa yana neman Rockford zai fito hannu rabbana, amma wanda ya tambayi wane ne ke gano gaskiya a kowane wasa, da wace hujja, kuma a gaban wa, zai sami abin rubuta kundi.

Wannan aiki ba ya yiwuwa sai da wasannin kansu. Kasimu Yero ya rasu a 2017, Usman Baba Pategi a 2023, kuma kaset ɗin bidiyo ba ya jure zafi da ƙura na shekaru arba'in. Gidan Arewa, wanda ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, da Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa suna cikin gari ɗaya da gidan talabijin ɗin. Ya kamata sassan Hausa na jami'o'i su nemi haɗin gwiwa da su a lissafa abin da ya rage, a juye shi zuwa kwamfuta, a kuma naɗi bayanan furodusoshi da 'yan wasan da ke raye. Idan aka yi jinkiri, duk abin da za a faɗa game da wasannin Kaduna zai dogara ne a kan abin da tsofaffi suka iya tunawa.