Bot ɗin Telegram zai iya riƙe wa matashin Daddara aikin manhaja, muddin an ɗaura masa linzami

Matashin da ya koyi rubuta manhaja da kansa a Daddara, kan hanyar Katsina zuwa Jibiya, yana fama da abubuwan da takwaransa na Legas ko Abuja ba ya cika tunawa da su. Wutar KEDCO ba abin dogaro ba ce, laftof na buƙatar caji, data kuma ta ƙara tsada tun da hukumar NCC ta amince a watan Janairun 2025 kamfanonin sadarwa su yi ƙarin da ya kai kashi 50 cikin 100. Ga kuma abin da ya fi waɗannan ciwo: a watan Satumbar 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda 'yan bindiga, Jibiya na cikinsu, sai a Disamba aka fara maido da su. Wanda ya ga wannan ya san cewa a garin bakin iyaka sabis ɗin waya baƙo ne, yau yana nan, gobe babu.

Shi ya sa dabarar haɗa bot ɗin hira da mataimakan rubuta manhaja masu ƙirƙirarriyar basira ta fi dacewa da Daddara fiye da manyan birane. Sai dai tana da haɗarin da bai kamata a ɓoye wa kowa ba.

Mataimakan da ake magana su ne irin Claude Code na kamfanin Anthropic da ya fito a Fabrairun 2025, da Codex CLI na OpenAI da ya biyo baya a Afrilu, da Gemini CLI na Google a Yuni. Sun bambanta da manhajar hira da aka saba yi wa tambaya ta ba da amsa. Su kan kwamfuta suke zama, su buɗe fayil, su gyara kod, su gwada shi, har su goge abu in an ba su dama. Ba sa buƙatar linzamin kwamfuta ko babban allo, umarni a rubuce kawai suke karɓa. To tunda rubutu ne, ana iya turo shi daga ko'ina, har daga ƙaramar wayar Tecno.

Haɗin ba shi da wuya. Mutum zai shiga Telegram ya nemi BotFather, ya tura masa /newbot, ya zaɓi sunan da ya ƙare da "bot". Nan take za a ba shi wata doguwar lambar sirri, wadda ita ce makullin bot ɗin. Daga nan sai ya samu kwamfutar da ba ta mutuwa. Ko dai ya yi hayar ƙaramar saba a intanet, wadda mafi arha take kamawa daga dala 4 zuwa 6 a wata, ko ya ajiye tsohuwar laftof a gidan ɗan'uwa mai sola da intanet a cikin Katsina. A kanta zai saka mataimakin, sannan ya rubuta ɗan gajeren shiri da Python wanda zai riƙa tambayar Telegram ko saƙo ya iso, ya miƙa wa mataimakin, ya dawo da amsarsa cikin hira.

Amfanin a fili yake. Saƙon rubutu ba ya cin data sosai, ko sanda ɗaya ta sabis ta isa ta fitar da shi. Mai shago a Magama ya kira ya ce manhajar lissafin kayansa tana rikita canjin sefa zuwa naira, mai manhajar kuwa yana cikin motar haya. Sai ya tura wa bot umarni ya binciko inda kuskuren yake. Ko sabis ya ɗauke a hanya, aikin yana can yana tafiya a saba, amsar kuma tana jiransa a Telegram har wayar ta sake kamawa. In ma aka sake yin irin na 2021, bot ba zai dawo da sabis ba, amma aikin bai maƙale a laftof ɗin da ke ɗaki ba. Duk ranar da mutum ya isa inda ake samun sabis, zai ɗora daga inda ya tsaya.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Wanda ya haɗa wannan bot ya buɗe ƙofa ne daga wayarsa kai tsaye zuwa cikin kwamfutar da ke ɗauke da amanar mutane. Bot ɗin Telegram ba ya tantance baƙo: duk wanda ya gano sunansa zai iya tura masa saƙo. Don haka layin farko da ya kamata a rubuta a shirin shi ne wanda zai duba lambar shaidar mai turo saƙon, in ba ta mai bot ɗin ba ce ya yi banza da shi. Makullin da BotFather ya bayar kuma kada ya taɓa shiga cikin kod ɗin da za a ɗora a GitHub. In ya fita, a tura wa BotFather /revoke a karɓi sabo nan take.

Sai maganar ita kanta wayar. Ƙwacen waya ba sabon labari ba ne a garuruwan Arewa. Ɓarawon da ya samu waya a buɗe ya samu saba ke nan gaba ɗaya. Dole a kunna tantancewa mai mataki biyu a Telegram, a sa wa manhajar lambar kulle tata daban, sannan a san yadda ake korar wayar da ta ɓace daga sashen na'urori. A kuma sani cewa hira da bot ba ta cikin hirarrakin sirri na Telegram, tana zaune a sabobin kamfanin. Lambobin sirrin banki, BVN ko NIN na abokan ciniki ba su da gurbi a cikinta.

Babban jarrabawar ita ce ta izini. Claude Code yakan tsaya ya nemi amincewa kafin ya gyara fayil ko ya aiwatar da umarni. Wannan tsayawar tana gundurar mai aiki daga waya, shi ya sa da yawa suke kashe ta da wani zaɓi mai suna --dangerously-skip-permissions. Sunan kansa gargaɗi ne, don kalmar farkonsa haɗari take nufi. A watan Yulin 2025 Jason Lemkin, wanda ya kafa SaaStr a Amurka, ya ba da labarin yadda mataimakin Replit ya goge masa rumbun bayanan da ake aiki da shi, alhali ya hana a taɓa komai. Shugaban kamfanin ya fito ya nemi afuwa. Matashin Daddara da ya goge lissafin bashin ɗan kasuwa ba shi da wanda zai fito ya tsaya masa, kuma a ƙaramin gari in suna ya ɓaci, kowa ya ji.

Gyaran ba ya da tsada. Telegram yana ba bot damar aiko da maɓallai a ƙarƙashin saƙo. A sa bot ya riƙa turo abin da mataimakin ke shirin yi tare da maɓallin "na yarda" da na "a'a". A killace shi a jakar fayil guda. A sa shi ya yi aiki a reshen Git na daban, yadda in ya ɓata za a koma baya. Rumbun bayanan gaske kuwa kada a ba shi makullinsa ko kaɗan, a ba shi kwafi ya yi gwaji.

Akwai masu cewa duk wannan lalaci ne, ba a duba kod a allon waya. Suna da gaskiya a wani ɓangare. Saƙon Telegram ɗaya ba ya wuce haruffa 4096, babban gyara kuma ba ya karantuwa a tsakanin hayaniyar tasha. Akwai kuma kuɗi: rajistar Claude Pro dala 20 ce a wata, ga hayar saba, kuɗin da ba kowane mai koyo ke da shi ba. Amsar ita ce a raba aiki gida biyu. Bincike, gwaji da ƙananan gyare-gyare su tafi ta bot. Duk abin da zai isa hannun abokin ciniki ya jira sai an zauna an karanta shi layi-layi. Wanda bai iya karanta Python ba tukuna, ya fara da koyonsa, domin maɓallin "na yarda" ba shi da amfani a hannun wanda bai san abin da yake yarda da shi ba.

Mutanen Jibiya sun ga an rufe iyaka a Agustan 2019, an sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, kasuwa ta tsaya cak. Sana'ar da ba ta bi ta shingen kwastan abin riƙewa ce hannu bibbiyu. Bot zai sa ta yiwu da wayar da ke aljihu, amma ɗan aike ne, kuma in ɗan aike ya yi ɓarna, wanda ya aike shi ake nema.