Sharhi: Ƙaramar Katafila Da Kare Rayuka A Wuraren Gini Masu Cunkoso

A unguwanni irin su Mushin a Legas ko lungunan cikin birnin Kano, gida na jingine da gida, hanya kuma da ƙyar take ɗaukar mota guda. Duk mai son haƙa harsashin gini ko magudanar ruwa a irin waɗannan wurare ya saba da zaɓi biyu: ko ya kutsa da babbar katafila, ko ya tura leburori cikin rami da diga da shebur.

Kowanne yana da nasa haɗarin. A ranar 15 ga Mayu, 2008, wata katafila da ke aikin hanya a Ijegun, Jihar Legas, ta fasa bututun man fetur, wuta ta tashi ta laƙume gidaje da rayuka da dama. Ramin da aka haƙa da hannu kuwa, musamman da damina, kan rufta ba tare da wata alama ba. Ƙasar da ta cika murabba'in mita guda, tsayin mita guda, ta fi tan ɗaya nauyi, ya isa ya hana mutum numfashi.

A nan ne ƙaramar katafilar haƙa, wadda kamfanonin Japan irin su Yanmar da Takeuchi suka fara ƙerawa wajajen 1970, take da amfani. Faɗin wasu bai kai mita ɗaya ba. Akwai ƙirar da bayanta ba ya wuce faɗin ƙafafunta idan ta juya, don haka ba ta matse ma'aikaci da bango, ba ta kuma daki katangar maƙwabci. Rashin nauyinta na rage girgizar da ke tsaga tsofaffin gine-gine. Mafi muhimmanci, direban na ganin bakin cokalin da idonsa, lebura kuma ya fita daga ƙasan rami.

Sai dai ƙanƙantarta ba ta zama lasisin sakaci ba. Saboda siririn jikinta, tana saurin kifewa a gangare ko bakin rami, kuma haƙorinta na iya fasa bututu kamar na babbar. Yawancin injinan da ake haya ma tsofaffi ne da aka shigo da su daga waje.

Ya kamata hukumomin kula da gine-gine na jihohi su sanya horar da direbobi da binciken bututu da wayoyin ƙarƙashin ƙasa cikin sharuɗɗan ba da izinin haƙa.